Mai Ɗinki a Bayan Sitiyari

Da likita ya hana maigidanta tuƙi saboda idonsa, mai ɗinki ba ta tsaya dogon jimami ba. Ga rigunan makaranta da ta ɗinka jibge a shago suna jiran a kai, ga mota a ƙofar gida kaji sun mayar da ƙarƙashinta ɗakin kwana. Ta yafa mayafi ta nufi makarantar koyon tuƙi.

"Ni da na girma a kan keken ɗinki, wane ƙarfe ne zai ba ni tsoro?" ta ce wa maigidan.

Shi kuwa ya ce ƙafarta ƙafarsa. Suna isa ya shige kujerar baya ta motar makarantar ya harɗe hannu.

Ranar farko motar ko motsi ba ta yi ba. Malamin tuƙin, wani siririn mutum mai sanyin murya, ya sa ta gyara kujera, ta daidaita madubi, ta yi ta taka kuloci da birki injin a kashe.

"Malam, ni fa tuƙi na zo koya, ba zaman kujera ba."

"Kowa daga nan yake farawa, Mama."

Washegari suka shiga wani fili. Motar ta riƙa zabura tana tsayawa kamar akuyar da ake ja kasuwa. Malam ya leƙa ƙafarta, ya ga tana danna totur tana saki, tana danna tana saki.

"Ɗinki take yi, Malam," in ji maigidan daga baya. "Ji injin, hannun riga take haɗawa."

Ita ma sai da ta yi dariya. Malam ya ce ta kafa diddige a ƙasa, ta taɓa totur a hankali ta bar ƙafar a nan, ta kuma daina kallon hancin mota kamar mai neman bakin allura. Kuloci kam bai ba ta wahala ba, ƙafarta ta san lallashi.

Da hannunta ya faɗa, suka hau titi. A wata mahaɗa da ke kan tudu danja ta tsayar da su. Kore na kamawa ta saki kuloci da gaggawa, motar ta mutu, ta fara silalewa baya. Wata bas da ke bayansu ta cika unguwar da oda. Maigidan ya ɗaga murya daga baya.

"Taka birki! Ki sa giya, a'a, ki fara…"

"Baban yara, yi mini shiru."

Ta taka birki, ta ja birkin hannu. Malam dai ƙafarsa na kusa da nasa birkin. Ta murɗa makulli, ta ɗaga kuloci kaɗan kaɗan har ta ji motar ta ɗan yunƙura, sannan ta sauke birkin hannu. Suka haye tudun sumul. Direban bas ya wuce yana faɗa, ba ta ko waiwaye shi ba.

"Mutuwar mota a danja, babu ɗalibin da ba ta samu ba," in ji Malam. "Yawanci ni suke miƙa wa makulli."

Ta zagaya da su ta bayan kasuwa, ta sa sigina, ta tsaya a ƙofar makarantar. Ta duba madubi don ta ji abin da maigidan zai ce, sai ta gan shi ya jingina kai da gilashi, baki a sake, yana barci abinsa.

"Gobe ribas za mu yi," Malam ya ce ƙasa ƙasa.

"To. Amma mu fito da wuri, ina da ɗinki."