Shekarar da Dabo Ya Daina Waƙa

"Kaka, ki bar gyaɗar nan ki amsa mini," in ji Zubair, yana matsar da wayarsa kusa da bakinta.

Jumma ba ta fasa ɓarar gyaɗarta ba. "Angon nawa, tun daga Kano ka hawo mota don ka hana ni aiki? Ga mai gangar can a zaure, je ka tambaye shi."

Ai ya tambaye shi. Dabo, kakan nasa, wanda a zamaninsa gayya ba ta ƙayatarwa a ƙasar Tsanyawa sai da gangarsa, amsa ɗaya gare shi: "Allah ne ya kawo ƙarshenta." Shi kuwa Zubair littafi guda ya rubuta a kan rayuwar tsohon, mai ɗab'i na jira, babin ƙarshe ne ya gagara. Me ya sa mutumin da ya ƙaga waƙoƙin noman da har yau ake rerawa ya yi shiru da sauran ƙarfinsa?

Laifin karatu ne. Zubair ya ƙoshi da tarihin manyan makaɗan Turai, waɗanda ake saurara a zaune tsit kamar ana huɗuba, ya ga kowanne da masifarsa, wannan kurumta, wancan baƙin ciki. Sai ya ga bai kamata nasa kakan ya tashi a tutar babu ba. Har ya tsara masa wani baƙin ciki mai zurfi, shaida kawai yake nema.

"Baƙin ciki?" Jumma ta tuntsire da dariya har ƙwaryar ta karkace. "Mutumin da ko ran da akuyarsa ta ɓata sai da ya nemi ƙarin tuwo? Inji aka kawo, yaro."

"Wane inji?"

"Na niƙa mana. Da can kullum da sassafe ina kan dutsen niƙa, hannu na tafiya baki na tafiya da waƙa. Shi yana ɗaki wai barci yake, ashe kunne ya kasa. Kafin hantsi ya kai ta gona, ya cusa sunayen manoma a ciki. Da inji ya zo, wa zai durƙusa? Na gwada a zaune, ba ta zuwa."

Murna ta kama Zubair. "Kaka, ashe ke ce littafin! Sunanki zan sa."

Nan dariyar ta ɗauke. "Ka sa, ka ba ni takardata, auren ya mutu. Da surukaina da komai a ce mini zabiya? Kuma tsohon can, me ya rage masa in ba a ce masa fasihi ran kasuwa ba?"

A zaure ya tarar da Dabo yana tufkar igiya. Tsohon ya dube shi sau ɗaya ya gane.

"Ta faɗa maka ko? Bakinta ba ya riƙe komai sai goro. Har sabon dutse na sayo mata, ko za ta koma. Ta mai da shi wurin zaman alwala." Ya yi dariya, amma hannunsa ya tsaya a kan igiyar. "Rubutawa za ka yi?"

Tausayinsa ya kama Zubair. Bai taɓa ganin tsoro a idon kakansa ba sai yau.

"Ƙarya dai ba zan rubuta ba, Kaka."

A motar Kano, matse tsakanin buhun gero da wani mahauci mai gyangyaɗi, ya buɗe wayarsa ya goge babin baƙin cikin kakaf. Ya daɗe yana kallon gonaki suna wucewa, sannan ya rubuta layi ɗaya: Dabo ya daina waƙa a shekarar da aka kawo injin niƙa garinsu.

Bai ƙara komai ba, ya tura wa mai ɗab'i.