Tabon Dunduniya

Mai wanki tana cikin sosa bayan hannunta da gefen katin asibiti ta ga ƙafar. Ƙafa ce fara tas, irin farin da ake saye a kwalba, cikin silifas mai duwatsu, a ƙarƙashin bencin da ke gabanta. A dunduniyar akwai wani baƙin tabo mai karkataccen baki, kamar an ɗiga tawada a tsumma. Sai da ta gama kallon tabon sannan ta ɗaga kai ta ga mai ƙafar. Anti Mai Haɗi ce.

Kowa a layinsu ya san shagon Anti. A bayan kantar shagon take haɗa man shafawa, ta matso wannan, ta zuba wancan, ta juya da cokali ta ɗura a roba. Lokacin da mijin mai wanki, direban bas, ya ga irin wannan tabo a tafin ƙafarsa, wurinta ya je, don shagon yana jikin tasha. Ta ce masa kanta ce kawai, taurin fata na yawan taka burki, kuma kada ya kuskura ya je asibiti, su yanka kawai suka iya. Ya yi ta shafa haɗinta har tabon ya fashe ya fara ruwa. Da suka zo asibitin nan, likitar fata ta duba ta yi shiru, sannan ta ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya haura cikin jiki. Bai ga ƙarshen shekarar ba. Ranar da aka binne shi shagon Anti a buɗe yake, rediyo yana kiɗa.

Yau Anti tsohuwarta ta rako. Tsohuwar tana ta susar wuya tana mita, wai ita a yi mata allura ta tafi, ba ta zo a kalle ta ba. Anti ta juyo don ta gyara mata mayafi, suka haɗa ido da mai wanki.

"A'a, Maman yara, ke ce? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Hannun ne ya yi haka? Ai da kin biyo ta shago..." Sai ta haɗiye sauran, ta juya.

Mai wanki ta san tabon nan. Ta wanke irinsa, ta ɗaure irinsa, ta san warin da yake yi daga baya. Ta sha roƙon Allah ya nuna mata ranar matar nan, ga ranar ta zo har gabanta cikin silifas. Kuma babu abin da ake bukata ta yi. Likita mai kati take dubawa, katin kuwa na tsohuwa ne. In ta ja bakinta kawai ta koma gida, sauran aikin tabon zai yi. Ta hango shagon a kulle, ta hango Anti tana jan ƙafa zuwa banɗaki tana dafa bango, kamar yadda marigayi ya yi. Zuciyarta ta yi sanyi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Nas ta leƙo ta kira mai wanki.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce, furfura ta fara fito mata a gefen ɗankwali. A zaman jinyar marigayi ta taɓa ba su labarinta: ta yi shekaru a ɗakin yara, sannan ta koma karatun fata, abokan aikinta suna yi mata dariya suna ce mata likitar ƙuraje. Mahaifiyarta ce ta yi fararen tabbai a hannu, dangi suka daina cin abinci da ita a kwano ɗaya, alhali cutar ba a ɗaukarta. Tun daga nan ta ɗauki aniya. Kuma tana da doka: ko makero ya kawo ka, ko kyasbi, ko ƙazuwa, sai ka cire takalmi, don a baƙar fata mugun tabo a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce yake ɓuya.

"Hannu na kawo, Likita."

"Na sani. Ai tare da ƙafar kuka zo. Cire."

Ta haska tsakanin yatsun da 'yar fitilarta, ta ce lafiya lau, sannan ta koma kan hannun. Ta ce sabulu da jiƙon ruwa ne suka cinye fatar. Ta ce ta sa safar roba in za ta yi wanki, ta shafa maganin kaɗan-kaɗan safe da yamma, ta bi shi da mai marar ƙanshi, kuma kada kowa ya haɗa mata komai. Ta tambayi lafiyar yara. Tana wanke hannu ta ce har yanzu takan tuna direba, don da ya zo tun tabo yana tabo, ɗan yanka ne, da yanzu yana kan hanya da bas ɗinsa. Ta ce abin da ke ƙona mata rai, masu haɗin nan ba sa taɓa zama a kujerar nan su ji abin da suka yi.

Mai wanki ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Idan ta yi shiru, Anti za ta mutu ana tausayinta. Za a ce ƙaddara ce, wasu su ce asiri aka yi mata. Za ta tafi ba wanda ya taɓa gaya mata a fuska.

"Akwai ɗaya a waje," ta ce. "Ita ce ta ba shi man. Tana da tabon a dunduniyar hagu. Ba don tausayi na faɗa ba, Likita. So nake ta ji daga bakinki, ina tsaye."

Likita ta kalle ta ta saman tabarau. Ba ta yaba mata ba, ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce da nas ta shigo da matar, amma mai wanki ta jira a waje, don nan ba kotu ba ce.

Mai wanki ta fita, amma ba ta wuce bakin ƙofar ba, kuma ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ta ji Anti tana dariya tana cewa ita rakiya ta yi. Ta ji silifas ya faɗi ƙasa. Ta ji shirun nan da ta sani. Sannan likita ta tambayi tun yaushe, kuma me take shafawa.

Zif ɗin jaka ya yi ƙara. "Nawa ne, Likita, ni na haɗa. Kullum sai na shafa. Yana aiki fa, sai dai a hankali."

Mai wanki ta dafa bango. Duk tsawon takabarta da bayanta, ta ɗauka matar nan ta san ƙarya take sayarwa.

Da Anti ta fito, silifas ɗaya a hannu, hodar fuskarta ta jiƙe. An ce ta dawo a yanke tabon, akwai sauran dama. Tsohuwa tana tambayar ko an yi allurar ne ba a kira ta ba. Anti ta tsaya gaban mai wanki.

"Maman yara, na go..."

"Kada ki gode min," in ji mai wanki. "Ban yafe ba."

Ta raɓa ta gefenta ta shiga layin karɓar magani.