Katin Ƙwan Zabo

Shekara ashirin Balaraba ta yi tana cigiyar wani wake. A gidansu a Tajaye ana ce masa ƙwan zabo: ƙarami ne, ja-ja da ɗigo-ɗigon fari, yana nuna tun gero bai fid da kai ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wajen mahaifiyarta ta gaji irin. A wata shekarar fari ta shuka shi sau uku, ruwa yana ɗaukewa, na ukun kuwa shi ne ƙarshen abin da ke cikin gora. Da hannunta ta binne shi, bai fito ba. Tun daga nan duk kasuwar da ta je sai ta tsuguna gaban masu wake ta tona da yatsa.

Ɗan wanta, Mas'udu, yana Birnin Konni yana gyaran wayoyi. Shi ya ƙirƙiro wani wasa na waya mai suna Damina, inda mutum ke shuka gona yana kare ta daga fara da tsutsa da ƙarancin ruwa. Wasan ya karɓu, har samari suka matsa masa ya mai da shi katuna na takarda, waɗanda za a riƙa bugawa a inuwa ana musaya, ko waya ba caji. Ba shi da ƙarfin kai aikin maɗaba'a, sai ya yi shela a waya. 'Yan cirani suka turo gudummawa daga Abijan da Legas, malaman lakwal, wato makarantar boko, suka ba da tasu. Ya yi alkawari duk wanda ya taimaka zai zaɓi abu ɗaya a zana masa a kati.

Balaraba ta aika masa da tiya biyu ta gyaɗa, ya sayar ya zuba. Da ya zo Tajaye ranar kasuwa, ta zaunar da shi a tabarma ta kwatanta masa waken, yana zanawa a waya tana gyarawa.

"Ɗigon ya yi yawa. Rage. Wanga ai kaza ka zana, ba zabo ba."

Sai da suka yi zane shida, sannan ta daɗe tana kallon allon wayar.

"Shi ne," ta ce.

Mas'udu ya ji daɗi. Ya ce, "Gwaggo, zan girmama shi. A wasan ga, katin da ya fi daraja shi ne wanda ba shi da yawa. Naki guda goma kacal za a buga, da ruwan zinariya a gefe. Duk wanda ya same shi sai ya ɓoye."

"Ya ɓoye?"

"Ƙwarai. Mutum zai ba da kati talatin bai samu ba."

Balaraba ta gyara zama. "Mas'udu, in akuyarka ta ɓace, mutum goma kake gaya ma, ka ce su rufa maka asiri?"

"A'a, amma Gwaggo, tsarin wasan..."

"Wane kati ya fi yawa?"

"Na ciyawa. Kowace ledar katuna aka saya akwai shi a ciki. Ba wanda ke son shi."

"To cire ciyawar ka sa wakena."

Ya yi ta bayani: za a raina katin, za a yar da shi, za a goge hannu da shi bayan cin tsire. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce wanda zai goge hannu ai sai ya duba abin da ya ɗauka. Ya koma Konni yana girgiza kai, amma ya yi yadda ta ce. A ƙasan zanen ya ƙara layi ɗaya: wanda ya san wannan iri ya nemi Mas'udu mai gyaran waya.

Aka bugo katunan a Sakkwato, suka iso da rani. Abin da ya faɗa kuwa ya tabbata. Ranar da Balaraba ta je Konni ganin likitan ido, ta ga wakenta a ƙasa bakin tasha, an taka shi. Ta ga mai shayi ya tokare ƙafar tebur da guda biyar. Ta ɗauki na ƙasan ta goge da gefen zane. Wata biyu ba wanda ya zo, ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Ta daina tambayar Mas'udu, don ta lura tambayar tana sa shi sunkuyar da kai.

Wata safiya tana tankaɗe sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Mas'udu ne da wani ɗan kabu-kabu mai suna Labo, mai faɗin baki.

"Inna, ke ce mai waken ga? Wallahi kin cuce ni! Leda goma sha ɗaya na saya ina neman katin raƙumi, kowace na buɗe sai wake. Har madubin babur na liƙe da shi, don ya tsage."

"To Allah ya ba ka raƙumi. Abin da ya kawo ka ke nan?"

Mas'udu ya ce, "Bari ya ƙarasa, Gwaggo."

Labo ya ce jiya ya ɗauko wani tsoho daga Malbaza zuwa wani ƙauye bayan Tsarnawa. Tun da suka taso tsohon ke leƙen madubi ta kafaɗarsa, har Labo ya zaci tsoron mota yake ji. Da suka sauka ya sa yatsa a kan katin ya ce wa ya zana waken matarsa.

Balaraba ta ajiye rariya. Ba ta ko canza zane ba, mayafi kawai ta yafa ta hau bayan Labo.

Tsohon, Malam Abdussamad, ya karɓe su a zaure. Ya shiga ciki ya fito da ƙaramar gora da aka toshe da tsumma, ya zazzage a tafin hannunta: toka, da wake ja-ja mai ɗigon fari. Ya ce tun da matarsa ta rasu, damina uku ke nan, ba a shuka shi ba.

"Ban sani ba ko yana da sauran rai, Hajiya. Kada in sa miki rai a banza."

"Mu tambaye shi," ta ce.

Ya raba gorar biyu ya ba ta rabi. A gida ta ware ƙwaya goma, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a gindin randa inda ke da sanyi. Kwana biyu ta hana kanta buɗewa. A na uku, bayan ta idar da sallar asuba gari ya waye, ta warware tsumman a hankali. Bakwai sun fasa, kowanne da ɗan farin tsiro a lanƙwashe.

Ta kira Mas'udu ta ce ya gaya wa Malam Abdussamad ya gyara gonarsa, shi ma ya shuka nasa rabin, kada irin ya sake zama a hannu ɗaya. Sannan ta ɗauki kwashe, fartanyarta ta noma, ta nufi gonar da ke bayan gidanta duba inda ƙasa ta fi riƙe laima.