Kunnen Ɗan Maraƙi

Shanu ne jajaye, garke guda, suna tafiya a jikin dutse, ko motsin kofato babu. Na tsaya a bakin kogon ina haki, 'yata Auta a kafaɗata. Tun safe muke tafe, mota ta miƙa mu ga babur, babur ya miƙa mu ga ƙafa. Ban taɓa zaton an yi kiwo a wannan faƙo ba.

"Tun kafin kakan kakan kowa aka zana su," in ji tsohon da ke gadin wurin. Ya dubi Auta, ya dube ni. "Wace gaɓa kuka zo nema?"

Haka ya tambaya, kamar mai kemis.

"Kunne, Baba."

"Kunne?" Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ka makara. Shekarar da sanƙarau ya shigo, kunne ya fi komai farin jini."

*

Sanƙarau ɗin ne ya taɓa Auta. Ta tashi, amma jinta bai tashi ba. Yarinyar da kan zauna gindin keken ɗinkina tana kwaikwayon ƙararsa da baki, yanzu sai ta ɗora tafin hannu a jikin keken don ta san yana aiki. Maganarta ma ta dinga zubewa kaɗan-kaɗan, har ta ƙare.

A asibiti likita ya ce akwai na'urar da ake sa wa a kunne, amma sai a babban birni, kuma sai an bi layi. Muka bi layin har takalmina ya cinye. Rannan mai maganin nan da ke yawo da lasifika ya tsaya ƙofar shagona. Ya ce mutanen farko sun bar waraka a jikin dutse: ciwon kowace gaɓa, sai a kankaro jan wannan gaɓar daga zanen, a jiƙa a sha.

Matata ta ce, "Baban Auta, mutumin da sai da lasifika ake jin sa, shi zai gyara kunne?"

Na yi dariya. Amma tun daga ranar nake kwana ina juyi. Duk sanda na kira Auta ba ta waiwayo ba, sai in ji kamar ni ne na ƙi ƙoƙari.

*

Mai gadi ya ba ni reza da 'yar takarda, ya koma inuwa.

Sai a lokacin na lura. Matan da ke cikin zanen duk ba su da ciki, fari fat a wurin, aikin masu neman haihuwa. Maharba suna gudu babu ƙafafu. Raƙumin dawa babu ido. Shanun kuwa, ko ɗaya ba ta da kunne. Kowane farin tabo wani gida ne irin nawa, wani uba da ya gaji da layi.

Na zauna. Sanyin kogon ya ratsa ni, idona ya yi nauyi. Sai na ga faƙon nan ya zama fadama, ciyawa har gwiwa, ruwa yana sheƙi. Shanun suka sauko daga dutse suna bi ta gefena, ina jin ɗumin jikinsu. Wata mata mai jan fenti a yatsu tana ta kiran su, bakinta yana buɗewa, ba wadda ta juyo. Ni ma ban ji abin da take cewa ba.

Dariya ce ta tashe ni. Dariyar Auta, wadda na kusa manta kalarta.

Ta rarrafa can ƙuryar kogon, inda babba ba ya shiga sai da jan ciki. Na bi ta. A ƙasa-ƙasa, bayan wani tsagi, ga ɗan maraƙi bai fi tafin hannu ba, kunnuwansa biyu a miƙe kamar an kira shi yanzun nan. Auta tana shafa bayansa da yatsa ɗaya. Ta dube ni, ta ɗaga hannuwa a kanta ta yi kunnuwa, tana kaɗa su.

Da ta ga rezar, ta rufe shi da tafinta.

"Mamana, ɗaga hannun," na ce, ko da yake na san ba ta ji. "Don ke ne."

Ta girgiza kai. Na ɗaga yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba su da ƙarfi. Na kankare kunnuwan maraƙin. Abin da ya zubo cikin takardar bai kai gishirin da ake ɗiba da yatsu biyu ba.

Da muka fito mai gadi ya ce, "Au, akwai saura ashe? Allah ya sa a dace."

*

Ta sha, kamar yadda aka ce. Matata kofin kawai ta wanke ta kife.

Damina ta wuce. Har yanzu Auta tana ɗora hannu a jikin keke. Ta samo allina na awo, ta cika bangon shagon da shanu, duk babu kunne. Masu kawo ɗinki suna dariya, wai tumaki ne aka yi wa aski.

Jiya na sunkuya neman allura a bayan keke, can ƙasa inda ba a sharewa. Ga ɗan maraƙi zane da alli, kunnuwa biyu a miƙe. Ban ji zuwan Auta ba. Sai dai na ga ƙaramin tafin hannu ya sauka a kansa, ya rufe.