Muryar da Ke Bayan Kunnen Hagu

Wata huɗu da shigar mai ɗinki ƙungiyar mawaƙa, amma ta kasa riƙe muryarta. Yayarta ce ta ja ta, wai zaman shago daga ita sai keken ɗinki zai mantar da ita magana. Duk Laraba da yamma sukan taru a wani aji bayan an tashi makaranta, su tura bencina jikin bango, su tsaya layi biyu. Malamin waƙa, wani dogon dattijo, ya sa ta cikin masu muryar ƙasa, a ƙarshen layin baya. Sai dai da masu muryar sama sun ɗauka, sai ta bi su zugui-zugui.

"Ƙanwata, kin sake gudu gidan maƙwabta," in ji Malam. "Saurari ta kusa da ke mana."

Ta kusa da ita kuwa ungozoma ce mai murya kamar sauro. "Malam, ai ita ma kanta ba ta jin kanta," in ji mai ɗinki. Aka kwashe da dariya, har da ungozomar.

Wata Laraba suna tsakiyar baiti na biyu, ta ji wata murya dab da kunnenta na hagu. Muryar mace ce, a ɗan dushe, tana riƙe da ɓangaren ƙasa daram. Mai ɗinki ta jingina da ita, ta bi ta har ƙarshe ba ta kauce ba.

"Yauwa! Haka nake so!" Malam ya tafa.

Ta juya za ta yi godiya. Babu kowa a bayanta sai bencina da bango. Tsigar jikinta ta tashi, don kunnen nata da ɗumi, irin na numfashin mutum.

A hanya ta gaya wa yayarta. "Gajiya ce," in ji yayar. "Ke da kike wuni cikin ƙarar keke."

Amma muryar ba ta fasa zuwa ba. Ba ta zuwa shago, ba ta zuwa gida, sai an haɗa muryoyi. Mai ɗinki ta sake wurin tsayuwa, ta bi ta. A hankali tsoro ya ragu, ta koyi inda ake jan numfashi da inda ake sassautawa don na sama su fito.

Ranar da suka yi waƙa gaban jama'a a babban zauren taro, ta kasa kunne, shiru. Malam ya ɗaga hannu, ta buɗe baki, sai muryar nan dusasshiya ta fito daga nata maƙogwaron. Ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Da suka sauko, yayarta ta dube ta sheƙeƙe.

"Ke, mura kike yi? Da na rufe ido ban gane ki ba."

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kwantar da ita ranar Laraba. Da yamma barci mai nauyi ya ɗauke ta, ta farka maƙogwaronta na zafi kamar ta yi awa guda tana rerawa.

Laraba ta gaba, tana shiga aji, wata mata da ba ta taɓa gani ba ta taso da fara'a. Matar direba ce, makon jiya ta shiga ƙungiyar.

"Anti, da kika yi sallama na gane muryar. Na gode da kika tsaya bayana rannan. Ba don ke ba da na ji kunya. Amma na juya ban gan ki ba."

"Rannan ina gida kwance," in ji mai ɗinki.

Matar ta yi dariya, ta ga babu mai taya ta, ta daina. Yayar ta riƙe baki. Malam kuwa ko mamaki bai yi ba, ya ci gaba da jera takardunsa.

"Malam, ka san da wannan?"

"Na san tun da nake koyarwa muryar ƙasa ba ta taɓa rasa mai riƙe ta ba," in ji shi, bai ɗago ba. "A koma layi."

Ta koma layi. Tun daga ranar ba ta sake fashin Laraba ba. Ko ciwo take yi sai yayarta ta riƙo ta sun zo, ta zauna kan benci idonta biyu har a tashi, don kada muryarta ta sake zuwa ba tare da ita ba.