Hankakan Shevanta

Tun hantsi aka jera dunƙulen shinkafa a kan dutse a bakin kogin Godavari. Ga shi rana ta take, hankaka ko ɗaya bai sauko ba. Ba wai babu su ba ne. Suna nan reras a kan tsamiya, baƙaƙe wuluk, sun zuba wa mutane ido.

Bhikaji dillalin albasa ya share zufar wuyansa. Yau kwana goma da ƙona gawar ƙanwarsa Shevanta, kuma kowa a wurin ya san fassarar abin: in hankaka ya ƙi taɓa shinkafar mamaci, to akwai abin da ya riƙe ran mamacin, sai dangi sun ɗauki alkawarin da zai sake shi.

"Shevanta," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji, "zan ciyar da unguwa kaf da sunanki."

Hankakin ko motsi.

"Zan ba da saniya sadaka. Mai ciki ma."

"Kai Bhikaji," in ji gwaggonsu Parubai, tsohuwar da bakinta ba ya da linzami, "waɗannan ba albasa suka zo saye ba, bar yi musu tayi. Ka san abin da take jira."

Ya sani sarai. Abin da take jira yana tsugune a bakin ruwa da sabon aski, yana jera tsakuwa. Gorakh ke nan, ɗan Shevanta tilo, ƙato mai gemu wanda hankalinsa ya tsaya tun yana ɗan yaye. Can sama a bakin titi kuma farar mota ce tsaye, ta gidan da ake ajiye irinsu. Bhikaji ne ya kira ta. Da an tashi daga nan za a saka shi a ciki.

Tun ranar da mijin Shevanta ya gane yaron ba zai zama kamar sauran yara ba ya tsere, Bhikaji ya samu kalmar da ta hutar da shi. In ta zo ƙofarsa da yaron a kafaɗa, in aka tambaye shi a kasuwa ko a gidan biki, sai ya nuna yaron da haɓa ya ce, "Karmarta ce, alhakinta ne ke bin ta. Wa ya san abin da ta aikata a rayuwarta ta baya?" Kalma ce mai daɗin faɗa bayan mutum ya ƙoshi. Da ita ya rufe ƙofarsa shekara da shekaru, yana barcinsa lafiya lau, ita kuwa tana gasa gurasar dawa a gidajen mutane tana ciyar da ɗanta.

Guruji, tsohon da ke jagorantar sadakar mamata, ya gaji da tsayuwa. Ya zaro ciyawa daga jakarsa.

"In sun ƙi, sai in ƙulla hankakan ciyawa mu taɓa shinkafar da shi. A dai samu a gama mata karmarta."

"Na'am!" Gorakh ya miƙe zumbur, tsakuwa na zuba daga cinyarsa. "Ga ni!"

Wani ya fara dariya, sai ya haɗiye ta.

"Ai shi a zatonsa sunansa ke nan," in ji Parubai. "Da shi kawunsa ke kiransa."

"Zauna, ɗana, hidimar nan nake nufi," in ji Guruji. Ya ci gaba da ƙulla ciyawarsa yana ƙunƙuni. "Aiki kawai kalmar take nufi, abin da mutum ya yi da hannunsa. Ku kuka mai da ita abin jifan wanda ya faɗi."

Ba maganar tsohon ce ta dami Bhikaji ba, ciyawar ce. Gobe kasuwar albasa kaf za ta ji cewa da hankakan ciyawa aka raka ƙanwar Bhikaji. Wannan kunya ta fi ƙarfinsa. Sai ya taka zuwa dutsen, ya sunkuya har leɓensa ya kusa taɓa shinkafar, ya yi raɗa yadda ba mai ji.

"Zan riƙe shi a gidana."

Ƙarya yake yi. A ransa yana cewa a dai tashi daga nan, ai matacce ba ya bin mota.

Bai gama miƙewa ba ya ji iskar fiffike a kumatunsa. Hankaka ya dira a kan dutsen, ya kafa baki a dunƙulen tsakiya.

Mata suka fashe da kuka, maza suka yi ajiyar zuciya. Bhikaji kuwa ya ja da baya. Ya zo da shirin Shevanta ta ƙi, ya zo da shirin ta wahalar da shi har yamma. Bai taɓa kawowa za ta yarda nan take ba. Haka take tun suna yara, duk abin da yayanta ya faɗa ta ɗauka, ko da ya ce mata ruwan nan iya gwiwa ne.

"Me ka ce mata?" matarsa Indubai ta tambaya a hankali.

"Ba komai."

"To mu je, direba sai danna ƙaho yake yi."

Ba wanda ya ji raɗar. Hanya a buɗe take, ya hau gangaren ya gama abin da ya shirya. Ya ɗaga ƙafa ke nan sai ya ji an kama hannunsa, hannu babba mai danƙon shinkafa.

"Kawu," in ji Gorakh, "tun da Inna ta tafi, yanzu ni karmar waye?"

Bhikaji ya dubi farar motar. Ya waiwaya. Hankakan ya bar ci, ƙwayar shinkafa na manne a bakinsa, ya karkata kai yana dubansa da ido ɗaya.

"Indu, je ki sallami direban."

"Me? Ina za mu saka shi?"

"Na ce ki sallame shi."

Ba tausayi ne ya sa shi ba, tsoro ne zalla, kuma shi kansa ya san haka. Gorakh na nan riƙe da hannunsa yana jiran amsa.

"Tawa," in ji Bhikaji.

Sai a lokacin hankakan ya sunkuya ya ci gaba da ci.