Akuyar da Ta Ci Shafi na Arba'in da Ɗaya

Wani mafarki na yi a daren jiya, irin wanda tun da na yi ritaya daga koyarwa ban yi ba. Amma kafin mafarkin, sai kun ji abin da na kwanta da shi.

Littafi na rubuta, tarihin rayuwata, shafi ɗari uku da sha biyu. Ni na rubuta da biro, 'yata ta fari ta buga shi a kwamfuta, wata tara tana zuwa in ta tashi daga aikin asibiti. Yau da hantsi za a tura wa mai ɗab'i a Zariya, shi ya sa ta kwana a gidana. Kakarta ce ta raine ta, don haka Yaya take ce mini, yadda ta taso ta ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa "ke" nake ce mata. Shekara hamsin da huɗu ke nan.

Jiya bayan la'asar ta ɗago daga kwamfutar tana murmushi.

"Yaya, na sa na'urar nan ta nemo mini sunayen 'yan gidan nan. Munzali ya fito sau arba'in. Nasiba sau talatin da shida. Har Malam Ɗangoggo mai gadin makaranta ya fito sau tara."

"Mutumin kirki ne," na ce.

"Ni kuwa ta ce babu."

"Kina ciki mana. Duba shafi na arba'in da ɗaya."

Ta duba, ta karanta a fili: "'A wannan shekara ne Allah ya ba mu ƙaruwa ta farko.' Au, ni ce ƙaruwar?" Ta yi dariya, ta rufe kwamfutar, ta je ta ɗora tukunya. Dariyar nan ce ta bi ni har kan filo.

Sai ga ni a wata kasuwa da rana tsaka, littafina a hammata. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Maza sun ɗaura lema a ƙafa, mata sun matse zannuwa, kan kowa a bushe. Na ɗaga kai in ga inda yake zuwa, na ga gajimare yana ta kumbura kamar salka. Na ce a raina, to, aƙalla kwatar garin nan ba za ta toshe ba.

Kasuwar ta sababbin littattafai ce zalla. Lokacin girbinsu ne, aka ce mini, kuma bana sun yi kyau. Ana ta sauke su daga amalanke, wasu har da ƙasa a gindinsu kamar rogo.

A rumfar ƙagaggun labarai, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa duk abin da ke ciki a gabansa aka yi. A rumfar littattafan bincike kuwa, kowane littafi an ɗaure shi a turke.

"Laifin me suka yi?" na tambaya.

"Gaskiya ce a cikinsu, Hajiya. In ba a ɗaure ba, kafin sati ta koma wani wuri."

Wani siririn littafin maƙaloli ya biyo ni kamar kyanwa, ya ja gefen mayafina.

"Zama ya fi, ko tsayuwa?"

"Ban sani ba."

"Ni ma haka," in ji shi, "amma na yi shafi casa'in a kai."

Ya burge ni, na ce zan saye shi. Mai rumfa ya ce a garinsu littafi ne ke zaɓen mai karatu, kuma wannan ya ce na cika musu.

Rumfar tarihin rayuwa ta fi kowace girma. Na buɗe guda biyar a jere. Duk biyar ɗin a gidan tarbiyya aka haife su, duk biyar ɗin su suke zuwa na ɗaya a aji. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina cike katin jarrabawa, abin ya ɗaure mini kai.

"Wai wa yake zuwa na biyu a garin nan?"

"Yana nan," in ji mai rumfar, "amma ba ya rubutu."

Na miƙa masa nawa, na ce ya samo masa wuri. Ya ɓoye hannu a baya.

"Sai an ɗanɗana. Ofis."

Sai ga ni a ofis. Wata jar akuya ce a bayan tebur, tsohuwa, da tabarau a kan hanci, shigen wata sufetar ilimi da na taɓa sani. Kusa da ita bunsuru ne riƙe da hatimi. Ta amsa gaisuwata a daƙile, ta ja littafin.

"Wane iri ne?"

"Tarihin rayuwa."

"Kowa haka yake cewa."

Ta yagi babin yarintata ta tauna, ta ce gishiri ya ji. Ta ci babin da na yi rigima da hukumar makaranta a kan rufin aji, ta yi atishawa, ta ce yaji ya yi yawa amma na gaske ne. Sai ta zo shafi na arba'in da ɗaya. Ta daɗe tana taunawa, ta kai shi kunci na dama, ta dawo da shi na hagu.

"Lami ne, ba gishiri," ta ce. Ta juya wajen bunsuru. "Buga masa: ƙagaggen labari."

Bunsuru ya buga.

"Ranki ya daɗe, ƙarya ɗaya babu a littafin nan."

"Malama, a ofishin nan mun ci littafin da aljani ya buɗe shagon ɗinki. Mun ci wanda kifi ya yi takarar kansila. Ba mu taɓa cin wanda mace ta yi naƙuda kwana biyu ta haifi ƙaruwa ba. Wace ce ƙaruwa? Ƙafa nawa gare ta?"

"'Yar fari ce. Mu ba ma faɗin sunan ɗan fari. Kunya ce."

"Ba kwa faɗi. Rubutawa fa?"

"Rubutu ai faɗi ne da hannu."

Ta gyara tabarau, ta yi gyatsa, babi na bakwai ya dawo mata baki.

"A nan kin ce hana yara cin ƙwai ba shi da tushe. Kin ce tafasasshen ruwan wankan jego ya dafa mata fiye da yadda ya gyara su. Kin ce duk abin da aka ce miki 'haka muka tarar', sai kin tambayi wa ya ajiye shi. Babin ya yi daɗi, har na so ƙari. To wannan fa?"

"Wannan daban ne."

"Duk wanda ya shigo nan yana da 'wannan daban ne' guda ɗaya. Yawanci shi ne littafin."

Ta nuna mini taga da ƙaho. Ta ce tawadar hatimin tana nan ɗanya muddin ruwa bai gama hawa ba. In na kawo mata mutumin da ya ɓace kafin nan, za ta lashe tambarin. In ya bushe, shi ke nan, littafina zai zauna a rumfar mai rantsuwa, ita kuma yarinyar ta zauna inda take har abada.

"Ina take?"

"Inda kika ajiye ta."

Sai ga ni a wani dogon zaure mara rufi, an jera benci har inda ido ya ƙare. A bakin ƙofa wata tunkiya tana saƙa hula. Ta ce nan ne mazaunin waɗanda aka tsallake a littattafai. Na ga masu dafa abincin manyan mutane, da direbobinsu, da ungozomomin da suka yanke musu cibi. Wani dattijo mai fara'a ya matsa mini in wuce. Na tambaye shi ko shi wane ne.

"Ni ne na biyu a aji," ya ce. "A ajujuwa da yawa."

A benci na ashirin da uku na same ta. Fuskarta ta yanzu ce, har da furfurar da ta fara fito mata a goshi, amma rigar makarantar firamare ce a jikinta, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Kwamfutar tana kan cinyarta, tana ta buga littafina. Nan take na gane lambar bencin. Shekarar da aka sa ta a ajina, ita ce ta ashirin da uku a rajista. Kullum da safe nakan kira sunayen yara ashirin da biyu, in na zo kanta sai in ce, "Ta gaba." Ita kuma ta ce, "Ga ni, Malama." Shekara guda cur, kuma ko sau ɗaya ba ta makara ba.

"Taso mu tafi," na ce.

"Ba ta tasuwa haka," in ji tunkiya, ba ta ko ɗago daga saƙarta ba. "Sai an kira."

Na gyara murya. "Ke!"

Duk matan zauren suka miƙe, ban da ita.

"Yarinyar nan!"

Rabinsu suka zauna, rabi suka tsaya. Ita tana ta bugu.

"Yayar su Munzali!"

Wani Munzali da ban sani ba ya leƙo ta katanga, ya ce shi ba shi da yaya, ya koma.

Na buɗe baki in faɗi na gaskiyar, sai na ji shi a ƙarƙashin harshena, da tauri kamar ƙwallon dabino. Kafin in turo shi, sai ga Inna, mahaifiyata, shekara ashirin da rasuwa, tana saukowa daga gajimare da taɓarya a hannu. Ita kaɗai ce abin da ke saukowa a garin nan.

"Kul! A gaban mutane? Boko ya cinye miki ido?"

"Inna, sannu da zuwa. Dama ina son in tambaye ki. Wa ya ce kada a faɗa?"

"Uwata."

"Ita wa ya gaya mata?"

"Ba ta samu sukunin tambaya ba, daka take yi."

"To amfanin me?"

"Don kada a ce kina son ta."

"Ai ina son ta."

"Shi ya sa," in ji Inna. Ta leƙa kwamfutar ta kan kafaɗar jikarta. "Ni sau nawa na fito?"

"Sittin da ɗaya, Inna," in ji yarinyar.

"Madalla," in ji Inna, ta koma sama abinta.

Na lura ruwan ya fara tsagaitawa, saura ɗigo-ɗigo. Sai na ga sauran ɗigon suna taruwa a ƙarƙashin benci na ashirin da uku, suna ɗaga shi. Ya kai gwiwata, ya kai ƙuguna. Ban ga tsoro a fuskarta ba, kuma wannan ne ya tsorata ni.

"Bar shi, Yaya," ta ce, da wannan dariyar ta la'asar. "Na saba. Bencin ma ba laifi, akwai wajen jingina."

Na kama gefen rigarta. Daga can ofis na ji bunsuru ya fara buga hatimi a kan sauran littattafai, yana matsowa kan nawa don ya ƙara masa na biyu. Dum. Dum. Na turo ƙwallon dabinon da harshe, ya zo haƙori, ya tsaya. Dum. Bencin ya wuce kaina, rigar tana zamewa daga yatsuna. Dum. Dum.

Na buɗe ido. Gari ya waye tas. Dum, dum: ƙaramin turmi ne a tsakar gida, ana daka mini citta da kanumfari na shayi.

Na tashi zaune a bakin gado. Na taɓa ƙarƙashin harshena da yatsa, babu komai. Na yi gyaran murya sau biyu, kamar ranar da na fara tsayawa a gaban aji.

"Suwaiba!"

Turmi ya yi shiru. Na ji kukan kurciya a kan dalbejiyar maƙwabta. Can sai ga ta a bakin ƙofa, taɓarya a hannu, ido waje.

"Yaya, wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Ɗauko kwamfutarki, ki buɗe shafi na arba'in da ɗaya."

"Mai ɗab'i yana jira fa."

"Ya jira. Wasu sun fi shi daɗewa a benci."

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Ta ɗauko, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta goge "ƙaruwa ta farko". Ta ɗora yatsu a kan haruffa, ba ta ɗago ba.

"Me zan sa a wurin?"

"Ai kin ji."

"Ban ji ba, Yaya," ta ce. "Ƙarar turmi ta hana ni ji. Sake faɗa."

Na sake faɗa.